Ƙarfen Rezo da Tudun Akokan

Jama'a masu saurare, na Arlit da Akokan, na Cirozerin da Ingal da Agadas, da duk inda wannan murya ta iske ku. 

Sharhinmu na yau a kan wata tambaya ne da ake yawan yi a teburin mai shayi da ƙofar masallaci bayan la'asar. Wannan dogon ƙarfe da kamfanonin salula ke kafawa a tsakiyar unguwa, ƙarfen rezo, yana sa ciwo ko ba ya sawa? Wani ya ce tun da aka kafa shi bayan gidansa bai ƙara barcin kirki ba. Wata ta ce ciwon kai ne ya addabe ta. Akwai masu ɗora masa ɓarin ciki da rashin haihuwa, akwai masu cewa shi ke kawo ciwon daji. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, jita-jita ta kai har aka riƙa cinna wa irin waɗannan turaku wuta a Ingila, wai su ne ke yaɗa cutar.

Ni dai ba na raina mai wannan tambaya, balle in mutumin Arlit ne. Wanda ya tashi a garin nan ya san akwai cutarwar da ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinta, sai bayan shekara ashirin ta bayyana a ƙirjin mutum. Ya kuma sha jin manya masu fararen riguna suna cewa babu komai, daga baya a gano da komai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka bai isa a ce wa mutanen Arlit su kwantar da hankalinsu ba. Haƙƙinsu ne a faɗa musu abin da aka auna, da wanda ya auna shi, da abin da ya samu.

To mu fara da ƙarfen. Abin da ke fita daga eriyar da ke samansa igiyoyin rediyo ne, dangin waɗanda suka kawo muku muryata yanzu haka. Illarsu ɗaya da masana suka tabbatar ita ce, in sun yi ƙarfi ƙwarai suna ɗumama naman jiki. Shi ya sa ma'aikacin da zai hau turke ya tsaya dab da fuskar eriya ake so a kashe ta ko a rage mata ƙarfi tukuna. Amma eriya gaba take harba saƙonta, can nesa, sama da rufin gidaje, kuma ƙarfin yana raguwa da sauri da zarar an ɗan yi nisa. Wanda ke zaune a gindin turken kaɗan ne ke sauko masa. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tattara awon da aka yi a ƙasashe daban-daban, ta ce abin da jama'a ke samu daga waɗannan turaku bai wuce kashi 2 cikin ɗari na iyakar da aka amince da ita ba, galibi ma ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ta kuma ce babu wata gamsasshiyar hujja da ta nuna suna cutar da lafiya.

Na san wani zai ce, ai mun ji an sa su cikin jerin masu kawo ciwon daji. Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗi maganar yadda take. A watan Mayun 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta OMS da ke birnin Liyon na Faransa ta sa igiyoyin rediyo a rukunin da take kira 2B, wato abubuwan da ake da ɗan shakku a kansu amma hujja ba ta cika ba. Abin da ya jawo shakkun kuwa salula ce da mutum ke mannawa a kunne sa'o'i da yawa, ba turke ba. Daga nan aka ci gaba da bincike. A 2024 wani ayarin masana da OMS ta ɗora wa aikin, ƙarƙashin jagorancin Ken Karipidis na ƙasar Ostareliya, ya duba nazari 63 da aka yi tsakanin 1994 da 2022, bai ga alaƙa tsakanin salula da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Akwai ma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: in turke ya yi nisa, rezo ya yi rauni, salularka ce ke ƙara ƙarfin abin da take fitarwa don ta kai gare shi. Wanda ke kira daga daji a hanyar Tawa, yana ɗaga waya sama yana neman sanda ɗaya, ya fi samun igiyar a kunnensa bisa wanda ke zaune kusa da turke.

Wannan bai sa na ƙaryata mai ciwon kai da mai rashin barci ba. Ku je ku tsaya a gindin turke da daddare, lokacin da wuta ta ɗauke. Janareto ne ke ruri har asuba, katanga na rawa, baƙin hayaƙin gazuwal na shiga ta tagar ɗakin da yara ke kwance, ƙasan wurin ya yi baƙi da tsiyayar mai. Ita wannan cibiya ta Liyon, a watan Yunin 2012, ta sa hayaƙin injin gazuwal a rukuni na 1, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Ke nan abin da ke gindin turken ya fi na samansa cancantar ƙorafi. Maƙwabcin turke yana da cikakken haƙƙi ya nemi a ba da tazara tsakaninsa da gidansa, a ɗaga bakin hayaƙi sama, a rufe injin don rage ƙara, a duba ƙafafun ƙarfen kafin iskar damina, ko kuma a koma wutar rana, wadda Allah Ya hore mana ita a Abzin fiye da kusan ko'ina. A Najeriya hukumar kare muhalli ta NESREA ta sa ƙa'idar mita 10 tsakanin turke da gida. A nan gida hukumar ARCEP ce ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa, kuma wurinta ya kamata a kai irin wannan kuka.

Iyakar abin da zan ce a kan ƙarfen rezo ke nan. Yanzu ku ba ni aron kunnuwanku sosai, domin a cikin wancan rukuni na 1, tare da taba sigari da hayaƙin gazuwal, akwai wata iska mai suna radon. Tun 1988 take cikinsa. Daga uraniyom take fitowa, kuma mu a nan muna kwana da ita muna tashi da ita.

Garin Arlit uraniyom ne ya haife shi. An kafa kamfanin Somair a 1968, garin ya tsiro a 1969, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Sai Cominak ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978 a ramin Akuta, zurfin kimanin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, garin Akokan ya girma a gefensa. Mutane suka zo daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Dosso neman abinci, har ana yi wa Arlit kirari da ƙaramar Paris. Manyan motoci suka riƙa kwasar garin uraniyom mai ruwan ɗorawa cikin duro, su bi hanyar Tawa su gangara tashar ruwan Kwatano, daga can a wuce da shi Faransa a kunna wutar lantarki. Kamfanin Faransan da ke riƙe da ragamar ya sauya suna sau biyu, daga Cogema zuwa Areva, daga Areva zuwa Orano a 2018.

Abin da motocin suka tafi da shi ɗan kaɗan ne cikin abin da aka haƙo. A kowane tan ɗaya na dutse, 'yan kilo kaɗan ne uraniyom. Sai a niƙe dutsen, a jiƙa shi da ruwan guba a tsame abin da ake so, sauran a zubar. Wannan sauran shi ne tudun da kuke gani. Cominak kaɗai ya fitar da kimanin tan dubu 75 na uraniyom kafin a rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ya bar shara wajen tan miliyan 20 a fili, 'yan kilomita daga gidajen mutane. Kada wani ya ɗauka tunda an cire uraniyom sharar ta zama yashi. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na tururin nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali yana nan cikinta, domin sauran sinadaran da uraniyom ke haifarwa ba a taɓa su ba. Akwai radiyom, wanda sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Akwai toriyom, wanda nasa ya kai shekara dubu 75. Shi radiyom ɗin ne ke ta fitar da iskar radon dare da rana.

Bambancin wannan tururi da igiyar rediyo babba ne. Igiyar rediyo ba ta da ƙarfin karya ƙwayar halittar jiki. Tururin uraniyom da 'ya'yansa yana da shi. Idan mutum ya shaƙi radon, ko ƙurar da ta taso daga tudun, burbushin yakan maƙale a cikin huhu yana ta harbin naman da ke kewaye da shi, har wata ƙwaya ta lalace ta fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. OMS ta ce bayan taba sigari, radon na cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu a duniya, tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na masu cutar, gwargwadon ƙasa. Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1879 likitoci biyu a Jamus suka gano cewa ciwon ƙirjin da ke kashe masu haƙar ma'adinai a Shinebag ciwon dajin huhu ne. A Amurka, 'yan ƙabilar Nabaho da suka yi aikin ramukan uraniyom sun mutu da yawa da wannan cuta, har majalisar ƙasar ta yi dokar biyan diyya a 1990. Duk wanda ya buɗe rami a Akuta a 1978 ya san wannan tarihi.

Wanda ya fara ɗaga murya a cikinmu Almustafa Alhasan ne, ma'aikacin Somair, wanda ya ga abokan aikinsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man tare da wasu a farkon shekarun 2000. Shi ya gayyato cibiyar awo mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, wadda ta zo a watan Disambar 2003 da masaninta Bruno Chareyron. An riƙe musu manyan na'urorinsu a filin jirgin saman Yamai. Da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka shiga kasuwar Arlit, suka sami ƙarafan da suka fito daga ma'aikata suna fitar da tururi, an baza su ana sayarwa. A 2007 aka auna wani wuri a kan titi gaban asibitin Cominak a Akokan, aka sami tururin ya ninka na ƙasa lafiyayya har kusan sau 100, saboda an yi cikon titin da duwatsun da aka fitar daga rami. A watan Nuwambar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta sake awo, ta sami wani wuri a titunan Akokan da ya ninka sau 500. Ta ɗebi ruwa a wurare biyar a yankin Arlit, huɗu daga ciki uraniyom ɗinsu ya haura iyakar da OMS ta sa wa ruwan sha. Kamfanin Areva ya ce yana bin ƙa'idojin duniya, ya kuma bi tituna da gidaje yana awo yana kwashe abin da aka samu. Amma sai da 'yan gari da baƙi suka auna suka yi kururuwa kafin a zo kwashewar.

Batun ƙarafan nan yana taɓa ni fiye da sauran, domin talauci ne ya shigo da su cikin gida. Ku dubi bututun da ya shekara goma ruwan niƙan uraniyom na bi ta cikinsa. Cikinsa ya yi wani ɓawo fari-fari kamar kanwa, nan radiyom ya taru. Sai ya fito kasuwa a matsayin tsohon ƙarfe, magini ya saya ya yi azarar rufin ɗaki da shi, maƙeri ya yanka wani ya yi murhu ko ƙyauren ƙofa, mai lambu ya ja ruwa da wani zuwa fangalin salad da tumatir. Matar gida ta goge shi tas, tana ganin ta tsabtace. Jariri ya kwanta a ƙarƙashinsa shekara da shekaru. Ba wanda ya yi wa kowa mugunta a cikinsu, kowa abin da ya samu da araha ya ɗauka. Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikacin Cominak, ta ɗauki irin wannan rayuwa a fim ɗinta na 2016 a kan Arlit, kuma ya dace a riƙa nuna shi a makarantunmu.

Sai ruwa. A nan ba mu da kogi, ruwan da muke sha tsohon ruwa ne da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da Sahara ke da damina, kuma wanda aka zuƙe ba ya dawowa a rayuwar ɗan Adam. Greenpeace ta ƙiyasta cewa a shekara 40 ma'adinan biyu sun sha lita biliyan 270. Uraniyom a cikin ruwan sha kuwa ƙoda yake fara taɓawa. Makiyayin da ke shayar da raƙuma a rijiyar da ke kusa da tafkunan ma'aikata ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin gugarsa.

Ga kuma ma'aikata. Wani Bafaranshe mai suna Serge Venel ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985, ya mutu da ciwon dajin huhu a 2009. Iyalinsa suka kai ƙara, a 2012 wata kotu a garin Melun ta ɗora wa Areva laifi, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa cewa Cominak ne ya ɗauke shi aiki ba Areva ba. Shi yana da likitan da ya rubuta sunan cutarsa, da lauya, da kotun da ta saurari iyalinsa. Ɗan Nijar da ya shiga rami ɗaya da shi, ya shaƙi ƙura ɗaya, yakan yi ritaya ya koma ƙauyensu a Adar ko Gobir. Cutar tana ɗaukar shekara goma zuwa talatin kafin ta fito. Sai ya fara tari yana ramewa, a ce tarin fuka ne ko sammu, a binne shi ba tare da an rubuta komai a ko'ina ba. An kafa hukumar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas, OSRA, a ƙarshen 2011, kuma mataki ne mai kyau. Sai dai dubban da suka yi aiki ƙarƙashin 'yan kwangila, waɗanda su ne suka fi cuɗanya da ƙura, su ne suka fi wuyar samu a cikin kowane littafi. Ranar da aka rufe Cominak ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila.

An yi alkawarin rufe tudun Cominak da laka da dutse mai kaurin mita biyu, aikin da aka ce zai ɗauki wajen shekara goma. Mita biyu a kan abin da zai yi dubban shekaru yana numfashi, a ƙasar da iska ke kankare dutse. Ko an gama rufin, wani zai ci gaba da zuwa yana duba tsagewa bayan mu da jikokinmu mun wuce, kuma wannan wani sai an biya shi, sai an koya masa aikin.

Al'amura sun sauya a 'yan shekarun nan. A watan Yunin 2024 gwamnati ta janye lasisin haƙar uraniyom na Imuraran daga hannun Orano, a watan Yunin 2025 ta mayar da Somair mallakar ƙasa. 'Yan Nijar da yawa sun yi murna, kuma na fahimci dalilin murnar. Abin da nake so mahukuntanmu su ji shi ne, wanda ya karɓi rami ya karɓi ƙurarsa. Radon ba ta san tutar da ke kan ƙofar ma'aikata ba. Bashin tsaftace abin da aka bari a shekara hamsin yana nan a wuyan waɗanda suka ci ribarsa, kada a yafe musu ko dala. Amma daga yau, huhun duk yaron da ke wasa a titin Akokan amana ce a hannun hukumomin Nijar, kuma ba sauran wani baƙo da za a nuna da yatsa.

Muna da hukumar da ke kula da tsaron nukiliya, ARSN. Muna da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai da Jami'ar Agadas, cike da matasan da suka karanta kimiyya. Na'urar auna tururi ta hannu ba ta fi ƙarfin baitulmalin ƙasar da ke sayar da uraniyom ba. Ina roƙon a ajiye irinta a ma'aikatar magajin garin Arlit, da ma'aikacin da ya iya ta, yadda duk mai gidan da ke shakkar azararsa ko katangarsa zai je ya ce a zo a auna masa, kyauta. A auna ruwan famfo da na rijiyoyi a kai a kai, a liƙa sakamakon a ƙofar asibiti, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Tamashek. A buɗe littafin masu ciwon daji na jihar Agadas, a bi sawun tsofaffin ma'aikata har ƙauyukansu, da na kamfani da na ɗan kwangila. In ARCEP ta zo da tata na'urar ta auna gindin turakun salula a gaban jama'a ta faɗi abin da ta gani, shi ma alheri ne, zai raba gardama.

Ku kuma 'yan'uwa, kafin hukuma ta motsa akwai abin da ke hannunku. Kada ku sayi bututu ko ƙarfe ko tsumman tacewa da kuka san daga ma'aikata ya fito, kome arharsa. Kada a ɗebo dutse ko ƙasa daga kusa da ramuka a yi gini ko ciko. Radon a rufaffen ɗaki take taruwa, don haka a bar iska na ratsa ɗakin kwana, ko da lokacin sanyi ne. Ranar da guguwa ta taso daga wajen tudun, a rufe abinci da randa, a shigar da yara. Mai aikin rami ya bar kayan aikinsa a wurin aiki, kada uwargida ta wanke su tare da na yara. Ga masu shan taba kuwa, ina roƙonku da girman Allah: OMS ta ce haɗarin radon ga mai shan sigari ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. Duk tsohon ma'aikacin da tari ya wuce masa mako uku, ko ya ga jini a majina, ya je asibiti, ya gaya wa likita da bakinsa shekara nawa ya yi a rami da kuma wane sashe, ya nemi a rubuta hakan a takardarsa, ya riƙe kwafinta a gida.